"Cosy": kalmar da ba ta yin daɗi sai akwai sanyi a waje

Zai yi wuya mai yawan karanta Turanci a intanet ya ce bai taɓa cin karo da kalmar "cosy" ba, ko "cozy" kamar yadda Amurkawa ke rubuta ta. Tana nan a jikin kwalin rigar sanyi, tana ƙarƙashin hoton tsohuwar da ta lulluɓa da bargo tana kurɓar shayi, tana bakin masu tallar kayan ɗaki. Sai kuma ka buɗe jarida ka tarar an ce wani minista yana da alaƙa "cosy" da 'yan kwangila, kuma daga yadda aka jera maganar ka san ba yabonsa ake yi ba. Ƙamus zai ba ka waɗannan ma'anoni a jere, ta ɗaya, ta biyu, ta uku, amma ba zai gaya maka abin da ya haɗa bargon tsohuwa da aljihun minista ba. Abin da ya haɗa su shi ne bango. Duk inda aka ce "cosy", akwai wanda ke ciki, akwai kuma abin da aka rufe wa ƙofa.

Ana furta ta kamar "kozi", ko da wane harafi aka rubuta ta. Asalin aikinta siffanta wuri ne: ɗaki, gado, lungu, kujera kusa da murhu. Amma ba kowane wuri mai daɗi ne ya cancanci sunan ba. Ƙaton falo mai daɓen marmara da kujerun alfarma da fitilu ko'ina, Bature zai ce ya haɗu, zai ce akwai hutu a cikinsa, amma ba zai ce "cosy" ba. Ya yi faɗi da yawa, ya yi haske da yawa, mutum bai jin an rungume shi. Wurin da ake nufi ƙarami ne, mai ɗumi, haskensa kaɗan, kuma wanda ke cikinsa yana sane da cewa waje ba daɗi. Wannan sanin shi ne gishirin abin. A ɗauki dare a tsakiyar hunturu, iska na kaɗa kwanon rufi, hazo ya rufe gari, ku kuma kuna cikin ɗakin ƙasa an saki asabari, ga garwashi a kasko, yara sun cusu cikin bargo ɗaya ana tatsuniya. To wannan ne. Ɗakin nan dai, da garwashinsa da bargonsa, a watan Afrilu azaba ce tsagwaronta. Ɗakin bai canza ba, wajen ne ya canza.

Shi ya sa kalmar ke ba mai fassara wahala. Mu mutanen ƙasar zafi ne, harshenmu kuma a sanyi yake neman sauƙi. Idan abu ya faranta mana mu ce ranmu ya yi sanyi, ɗa nagari sanyin ido ne, wanda aka yi wa rashi a roƙa masa Allah ya sanyaya zuciyarsa. Zafi kuwa na fushi ne da tsanani da tsadar kaya. Turanci a juye yake tafiya: mutumin kirki mai sakin fuska shi ake siffantawa da ɗumi, mai ɗaure fuska a ce yana da sanyi. Wanda ya fassara "cosy" da "mai ɗumi" kawai bai yi ƙarya ba, sai dai mai karatu a Sakkwato zai ji kamar ana ba shi labarin ɗakin da ba a kunna fanka ba.

Kalmar ba a Ingila aka haife ta ba. Daga Sikotlan ta fito, daga harshen da ake kira Scots, ɗan'uwan Turanci na jini wanda ake yi a kudanci da gabashin ƙasar. Manyan ƙamusoshi suna kai farkon ganinta a rubuce zuwa 1709, da siffar "colsie". Wanda ya san ƙasar ba zai yi mamakin a ce can ta tsiro ba. A birnin Edinburgh, a tsakiyar Disamba, yinin kusan awa 7 ne kacal, kafin ƙarfe 4 na yamma duhu ya shiga, ga ruwa ga iskar teku. Mutanen da ke kwashe watanni a haka dole su samo suna ga daɗin da ake ji idan an shigo an rufo ƙofa.

Kafin 1709 fa? A nan masu bin diddigin kalmomi suka rabu, ƙamusoshin kuma suna rubuta cewa asalin bai tabbata ba. Ra'ayin da ya fi yawo shi ne daga ƙasashen Sikandinebiya ta ƙetaro. A harshen Norway akwai "kose seg", wato mutum ya sake ya ji daɗinsa, akwai kuma "koselig" da ma'anarta ta yi kusa ƙwarai da ta "cosy". Tarihi bai ƙi wannan ba: tsibiran Orkney da Shetland suna ƙarƙashin sarautar Norway har zuwa 1468 da 1469 lokacin da aka jinginar da su ga Sikotlan, harshen Scots kuma cike yake da kalmomin mutanen arewa, irin su "kirk" da ke nufin coci. Wasu kuma sun karkata ga Gelik, harshen mutanen tsaunukan Sikotlan, inda "còs" ke nufin kogo ko ɗan lungu. Kamannin sauti dai ba hujja ba ce, kuma an sha ganin kalmomi biyu sun yi kama kamar tagwaye alhali ko dangi ba su haɗa ba.

Wanda ya fi kowa fito da kalmar fili shi ne mawaƙi Robert Burns, wanda ya rayu daga 1759 zuwa 1796, kuma har gobe shi ne mawaƙin da Sikotlan ke taƙama da shi. Manomi ne. A watan Nuwamba na 1785, a gonar Mossgiel da ke yankin Ayrshire, ya rubuta waƙar "To a Mouse" game da ɓeran da garmarsa ta tone wa sheƙa. A ciki yake ce wa ɓeran: "An' cozie here, beneath the blast, / Thou thought to dwell". Ma'ana, ka ɗauka a nan za ka zauna cikin ɗuminka, iska na wucewa ta samanka. Baitin da ya biyo baya shi ne bakin garma ya ratsa ɗakin ya wargaza shi. Duk wanda ke son ya gane kalmar nan ya tsaya a kan waɗannan baituka. Ga ƙanƙanta, ga ɗumi, ga guguwa a waje, ga kuma abin da mutane kan manta: kariyar ba ta da ƙwari. Ganye ne da ciyawa. Wanda ke ciki yana jin ya tsira ne kawai saboda bai ga garmar da ke tahowa ba. Ma'anar zargi da kalmar ta samu daga baya, ta zaman da ya yi daɗi har mai shi ya daina lura, tana kwance a cikin waƙar tun ranar.

Abin lura a gefe guda: Burns da "z" ya rubuta. Wato rubutun da yau ake cewa na Amurkawa ne ba ƙirƙirarsu ba ce, yana cikin tsofaffin siffofin kalmar. Daga baya ne Birtaniya ta tsaya kan "cosy", Ostireliya ta bi ta, Amurka ta riƙe "cozy", Kanada ma ta fi karkata can. Makarantun Najeriya da Gana tsarin Birtaniya suka gada, amma waya da intanet sun sa na Amurka ya fi shiga idon yara. Duka biyun daidai ne, abin da ba a so shi ne a gauraya su a rubutu ɗaya. Idan za a ƙara mata ɗafi, "y" ɗin ƙarshe kan koma "i": "cosier", "cosiest", "cosily", "cosiness".

A ƙarni na 19 kalmar ta sauko kudu ta zauna daram a gidajen Ingila, kuma a nan ne ta samu aiki na biyu, ta zama sunan wani abu. Shayi ya riga ya zama abin shan kowa, al'adar shan shayin la'asar kuma, wadda ake dangantawa da Anna, matar Duke na Bedford, wajen 1840, ta bazu cikin masu hali. Matsalar ita ce butar tangaran ba ta riƙe zafi a ɗaki mai sanyi, hira kuwa ba ta ƙarewa da wuri. Sai aka fara ɗinka wa butar hula mai kauri, daga baya ake saƙa ta da ulu, a bar ƙofa biyu, ɗaya ta hannu ɗaya ta baki. Sunanta "tea cosy", kuma a shekarun 1860 ya fara bayyana a rubuce. Har dafaffen ƙwai aka yi wa tasa 'yar hular. Filas ɗin da ke irin wannan aikin na riƙe zafi, wanda yau babu gidan da ba shi a ƙasar Hausa, shi ma ɗan Sikotlan ne ya ƙirƙiro shi, James Dewar, a 1892. Amurkawa kuma suka ɗauki dabarar suka juya ta: suna sa wa gwangwanin abin sha riga don kada ya huce daga sanyinsa, suna kiran rigar "cozy" ko "koozie". A nan zafi ne abokin gaba, amma aikin bangon bai canza ba.

Akwai maƙwabciyarta da ake yawan haɗa su, wato "snug". Ita daga bakin matuƙa jirgin ruwa ta fito a ƙarshen ƙarni na 16, ana faɗin ta ga jirgin da aka ɗaure komai nasa tsaf don tarar guguwa. Shi ya sa har yau tana ɗauke da ma'anar abin da ya kama jiki cif: takalmi ko riga na iya zama "snug". "Comfortable" kuwa ta fi su duka faɗi, daga Latin ta biyo ta Faransanci, tushenta ƙarfafawa ne, kuma ba ta damu da sanyi ko ƙanƙanta ba. Kujerar jirgin sama ta masu kuɗi tana iya zama "comfortable", amma ba ta da ruhin da ake nema a "cosy".

Daga wuri sai kalmar ta koma kan mutane, kuma a nan ne ta fara tsami. Hira "cosy" ita ce ta mutum biyu ko uku da suka saba, murya ƙasa-ƙasa, ba baƙo. Wannan ba laifi. Amma a tambayi wanda aka bari a tsaye a bakin ƙofa yadda yake ganin hirar. Idan masu hirar alƙali ne da wanda ake ƙara, ko mai binciken kuɗi da wanda ake bincika, ɗumin da ke tsakaninsu sanyi ne ga sauran jama'a. A ƙarni na 20 Amurkawa suka mai da ita aikatau, "cozy up to", wato shisshige wa wani, a yi ta kwantar da kai ana fadanci don neman gindin zama. 'Yan jarida kuma suka rungumi "cosy relationship" hannu biyu, kuma ina ganin dalilin a fili yake: tana ba su damar nuna yatsa ba tare da sun furta cin hanci ba, balle a maka su kotu. Ba ta ce an karɓi kuɗi ba. Cewa take yi an saba fiye da kima.

Misalai biyu sun isa. A watan Yuli na 2011 aka rufe jaridar News of the World ta Birtaniya, mallakar attajiri Rupert Murdoch, bayan shekara 168 tana fitowa, saboda badaƙalar satar sauraron saƙonnin wayar mutane. Firaminista David Cameron ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin mai shari'a Brian Leveson, wanda ya miƙa rahotonsa a Nuwamba 2012. Abin da aka tono ya wuce satar saƙo: liyafa ce da ziyara da musayar saƙonni tsakanin manyan 'yan siyasa, shugabannin 'yan sanda da masu jaridu, har tsohon editan jaridar, Andy Coulson, ya taɓa zama mai kula da harkar yaɗa labarai na Cameron, kafin a ɗaure shi a 2014. Kalmar da ta cika jaridun Birtaniya a lokacin don siffanta wannan zama ita ce "cosy". Na biyu a Amurka ne. Jirage biyu ƙirar Boeing 737 MAX sun faɗi cikin wata 5, na Lion Air a Indunusiya a Oktoba 2018 da na Ethiopian Airlines a Maris 2019, mutum 346 suka rasu, cikinsu har da marubucin Najeriya Farfesa Pius Adesanmi. Da bincike ya nuna cewa hukumar kula da sufurin sama ta Amurka ta daɗe tana miƙa wani ɓangare na aikin tantance jiragen ga ma'aikatan kamfanin da kansu, sai aka yi ta cewa alaƙar hukumar da kamfanin ta yi "cozy". Mai fassara labari irin wannan zuwa Hausa ya yi hattara. "Kyakkyawar alaƙa" kuskure ne babba, domin ya mai da zargi yabo. "Haɗin baki" kuma ya zarce abin da aka faɗa. Abin da ya fi kusa shi ne a ce sun shaƙu fiye da yadda ya kamata, ko ɗasawar tasu ta yi yawa har ta sa ayar tambaya.

Sai wani reshe da ya fi ba ni sha'awa, na adabi. Akwai nau'in littattafan binciken kisa da ake kira "cosy crime" ko "cozy mystery". Kisan kai da ɗumin ɗaki, me ya haɗa su? Tsarin shi ne: ƙaramin ƙauye inda kowa ya san kowa, a tsinci gawa, amma ba a nuna jini, ba a bayyana azaba, mai binciken kuma ba ɗan sanda ba ne, galibi wata dattijuwa ce mai saƙa da sa ido. Ana ɗaukar Miss Marple, jarumar littattafan marubuciya Agatha Christie, wadda littafi na farko a kanta ya fito a 1930, a matsayin uwar wannan salo, ko da yake sunan salon daga baya aka raɗa shi. Mai karatu yana son ya ji ƙamshin haɗari yana kwance a gadonsa, da tabbacin cewa kafin shafin ƙarshe za a kama mai laifi ƙauye ya koma yadda yake. Kisan shi ne iskar da ke kaɗawa a waje. Ba don shi ba, labarin shan shayi ne kawai, wa zai karanta? A 1973 marubuci Brian Aldiss ya ƙirƙiro "cosy catastrophe" don yi wa wasu littattafai shaguɓe, musamman na John Wyndham, inda duniya ke halaka amma jarumin da 'yan abokansa su samu gida mai kyau da abinci su ci gaba da harkarsu.

Wasannin kwamfuta ma sun bi sahu. "Cozy games" su ne waɗanda ba harbi ba gudu, sai noma da kamun kifi da gyaran gida. Animal Crossing: New Horizons na kamfanin Nintendo ya fito ranar 20 ga Maris 2020, daidai lokacin da ƙasashe ke rufe mutane a gida saboda korona, kuma kafin shekarar ta ƙare an sayar da sama da kwafi miliyan 30. Ba a taɓa samun "waje" mai ban tsoro da ya game duniya lokaci ɗaya kamar wannan ba, kasuwar lungu kuwa ta buɗe.

'Yan kasuwa sun riga sun gano haka tun kafin korona. A 2016, shekarar da Birtaniya ta zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai, Amurka kuma ta zaɓi Donald Trump, kalmar Denmak "hygge", mai ma'ana kusa da ta "cosy", ta mamaye shagunan littattafai a Landan, har ta shiga jerin kalmomin shekara na ƙamusun Oxford da na Collins. Aka yi ta sayar da kyandir da safar ulu da sunanta, kamar Turanci ba shi da tasa. Kusan duk ƙasashen sanyi suna da irinta: Jamusawa na da "gemütlich", mutanen Holan "gezellig", na Suwidin "mysig". Ba ma'anarsu ɗaya cif ba, ta Holan da ta Denmak sun fi jingina ga zama da mutane, ita kuwa "cosy" mutum shi kaɗai da kyanwarsa ma ya isa. A Denmak ɗin kanta akwai masana zamantakewa da suka nuna cewa da'irar "hygge" tana da wuyar shiga ga baƙo, kuma ba a son mai kawo maganar da za ta ɓata zama. Hukumar yawon buɗe ido ta Sikotlan, da ta ga ana cin kasuwa, sai a ƙarshen 2017 ta fito da kalmar Gelik "còsagach" a matsayin tata amsar. Masu jin harshen suka yi ca, suka ce su a wurinsu kalmar ta fi kama da wuri mai danshi da gansakuka, irin ramin da ƙwari ke zama.

Ɗumin kuma kuɗi ne, abin da hotunan kyandir ba sa nunawa. Bayan Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairu 2022 farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a Turai, a hunturun shekarar kuma ƙananan hukumomi da ɗakunan karatu da coci-coci da masallatai a Birtaniya suka buɗe wuraren da wanda ya kasa biyan kuɗin ɗumama gidansa zai je ya zauna kyauta. Sunan da aka ba su, "warm bank", shi ma ya shiga jerin kalmomin Collins na 2022.

A ƙasashen zafi kuwa kalmar ta samu sabon zama. Otal a Kano ko Abuja ko Dubai zai tallata ɗakunansa da "cozy", abin da yake nufi kuma shi ne labule mai kauri, gado mai laushi da na'urar sanyaya ɗaki tana aiki. Mutumin Ayrshire zai yi murmushi, amma ban ga kuskure a ciki ba, tunda rana ce ke dukan bango daga waje. Inda ake bukatar buɗe ido shi ne wurin dillalan gidaje a Birtaniya da Amurka, waɗanda suka daɗe da mai da kalmar mayafi. A bakinsu "cosy" na nufin ɗakin ƙarami ne, wani lokaci ma idan an sa gado ƙofa ba za ta buɗu duka ba. Ɗalibin da ke neman haya a Landan ko Manchester daga nesa, in ya ga kalmar a talla, ya nemi a turo masa tsawo da faɗin ɗakin da mita kafin ya tura kuɗin kafin alƙalami.